Lego Mindstorms

Lego Mindstorms rukunin kayan haɗa mutum-mutumi ne da kamfanin Lego na ƙasar Danmak ya riƙa ƙerawa daga shekarar 1998 zuwa ƙarshen 2022. Kowane akwati yana ɗauke da ƙaramar kwamfuta mai siffar bulo, da ƙananan injunan lantarki, da na'urorin gano yanayi da ake kira sensa, da ɗaruruwan gutsattsarin roba da ake harhaɗawa ba tare da ƙusa ko gam ba. Mai akwatin yakan gina mutum-mutumin da hannunsa, ya rubuta masa jerin umarni a kwamfuta, ya tura umarnin cikin bulon, daga nan na'urar ta riƙa aiki ita kaɗai.

An fito da kayan ne domin yara, amma manya masu sha'awar ƙere-ƙere da makarantun sakandare da jami'o'i sun karɓe su hannu bibbiyu. A tsawon shekara 24 an yi zubi huɗu: RCX a 1998, NXT a 2006, EV3 a 2013, da Robot Inventor a 2020. A kan waɗannan kaya aka kafa manyan gasannin mutum-mutumi na yara, kamar FIRST LEGO League da World Robot Olympiad.

Asali

Kamfanin Lego ya samo asali ne a garin Billund, inda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasan yara na katako a 1932. Bulon roba mai maƙalewa da aka san kamfanin da shi ya samu rajistar mallakar fasaha a 1958. A 1977 kamfanin ya fito da wani rukuni mai giya da sandunan juyi, wanda daga baya aka raɗa wa suna Technic. Wannan rukuni ne ya zama ƙashin jikin mutum-mutumin Mindstorms.

Ɓangaren kwamfutar kuwa ya fito ne daga aikin Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2016. Papert ya yi aiki tare da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, a ƙasar Suwizalan, kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo, harshen kwamfuta da aka tsara domin yara. Da Logo yaro yana iya ba wata ƙaramar na'ura mai taya, wadda ake kira kunkuru, umarnin ta matsa gaba ko ta juya, ita kuma ta zana layi a kan takarda da alƙalamin da ke cikinta. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi koyo idan yana gina abin da zai gani ya taɓa, kuma kuskuren da ya yi wajen ginin wata dama ce ta yin tunani da gyara. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1980 mai suna Mindstorms, wanda daga gare shi kayan suka samu sunansu.

A 1984 shugaban Lego na lokacin, Kjeld Kirk Kristiansen, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya ga Papert a wani shirin talabijin yana nuna yadda yara ke sarrafa kunkuru. Daga nan aka ƙulla alaƙa tsakanin Lego da sashen Media Lab na MIT. Abu na farko da haɗin gwiwar ya haifar shi ne LEGO TC Logo a ƙarshen shekarun 1980, inda ake jona injunan Lego da kwamfutar tebur ta hanyar waya. Wayar ce ta zama cikas, domin na'urar ba ta iya yin nisa da kwamfutar. Masu bincike a MIT, cikinsu har da Mitchel Resnick da Fred Martin, sai suka shiga aikin cusa kwamfutar kanta cikin bulo mai batir. Wannan bulo na gwaji shi ne kakan RCX.

Abubuwan da ke cikin akwati

Bulon sarrafawa shi ne ƙwaƙwalwar mutum-mutumin. Yana da kafofin jona waya iri biyu. Ta wasu yake karɓar bayani daga sensa, ta wasu kuma yake tura wuta zuwa injuna. A zubi ukun farko an yi wa kafofin sensa lambobi, na injuna kuma haruffa.

Injunan su ne ke juya taya da hannuwa. Daga NXT zuwa gaba kowane inji yana da ma'aunin juyi a cikinsa, wanda ke gaya wa bulon iyakar digirin da ya juya. Da wannan ake iya umartar inji ya yi juyi biyu da rabi cif ya tsaya. Bulon yana rage gudun inji ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Gwargwadon tsawon lokacin kunnawa, gwargwadon ƙarfin gudu.

Sensa iri-iri ne. Na taɓawa maɓalli ne da ke sanar da bulo an danna shi ko an sake shi, kuma da shi mutum-mutumi ke gane ya ci karo da bango. Na haske da launi yana haska fitila a kan abu ya auna hasken da ya dawo: farin abu yana mayar da haske mai yawa, baƙi kuma kaɗan. Na auna nisa yana fitar da wata ƙara mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji, ya jira amsa-kuwwarta. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, abin da ke nisan mita ɗaya zai dawo da amsa cikin kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma daga wannan lokaci ake lissafa nisan. Akwai kuma sensa mai auna juyawar jiki, wanda ake kira jairo, da ke faɗin digiri nawa mutum-mutumin ya karkata.

Sauran kayan su ne sanduna masu huji, da ƙananan turakun roba da ke haɗa su, da sandunan juyi masu siffar kuros, da giya masu haƙora, da tayoyi.

RCX

An fara sayar da zubin farko a watan Satumba na 1998 da sunan Robotics Invention System, a kan kimanin dala 200. Bulonsa mai ruwan ɗorawa, RCX, yana aiki da ƙaramar ƙwaƙwalwar Hitachi H8 da ma'adanar aiki mai kilobait 32. Yana da kafofin sensa uku da na injuna uku, yana cin batir shida ƙirar AA, kuma yana riƙe manhaja biyar a lokaci guda. Akwatin ya zo da inji biyu, da sensa na taɓawa biyu, da na haske ɗaya, da gutsattsari sama da 700.

Ana tura umarni zuwa RCX ne ta wata ƙaramar hasumiya da ake jonawa a kwamfuta, wadda ke aika saƙo da hasken infared irin na rimot ɗin talabijin. Hasken rana ko fitila mai ƙarfi kan hana saƙon isa, kuma a aji mai cike da ɗalibai hasumiyar wani tana iya shiga bulon wani. Idan batir ya ƙare ko aka daɗe da cire shi, duk abin da ke cikin ma'adanar yakan goge, sai an sake loda shi. An sabunta akwatin a 1999 da kuma 2001, lokacin da hasumiyar ta koma amfani da USB.

Manhajar da ta zo da akwatin ta hotuna ce, ana jera su kamar bulo a kan allon kwamfuta. Makarantu kuwa sun fi amfani da ROBOLAB, wadda aka tsara a jami'ar Tufts bisa manhajar injiniyoyi ta LabVIEW ta kamfanin National Instruments.

NXT

NXT ya fito a 2006 a kan kimanin dala 250. Ƙwaƙwalwarsa ARM7 ce mai gudun megahaz 48, da ma'adanar aiki kilobait 64 da ta ajiya kilobait 256 wadda ba ta gogewa idan an cire batir. An ƙara kafofin sensa zuwa huɗu, an maye gurbin hasumiya da wayar USB da Bluetooth, an kuma sa allo mai ɗigo 100 a kwance da 64 a tsaye. Akwatin farko yana da gutsattsari 577, da inji uku, da sensa huɗu: na taɓawa, na haske, na sauti da na nisa. A 2009 aka fito da NXT 2.0 mai gutsattsari 619, wanda ya zo da sensa mai bambance launuka.

A wannan zubi ne aka bar gini da bulo mai ƙusoshi a sama, aka koma ga sanduna masu santsi da ake haɗawa da turaku. Irin wannan gini ya fi wuyar koyo da farko, amma ba ya saurin wargajewa idan mutum-mutumin ya yi karo.

EV3

An ƙaddamar da EV3 a watan Janairu na 2013, aka fara sayar da shi a kasuwa a watan Satumba na shekarar a kan kimanin dala 350. Bulonsa cikakkiyar ƙaramar kwamfuta ce mai tsarin Linux, da ƙwaƙwalwar ARM9 mai gudun megahaz 300, da ma'adanar aiki megabait 64, da ta ajiya megabait 16, da gurbin katin microSD. Yana da kafofin injuna huɗu da na sensa huɗu, kuma ana iya jona bulo huɗu a jere su yi aiki tare.

An yi akwati iri biyu. Na kasuwa, mai lamba 31313, yana da gutsattsari 601 da sensa na infared tare da rimot. Na makarantu, mai lamba 45544, yana da gutsattsari 541, da sensa na nisa, da jairo, da batir mai caji. Injunan NXT da galibin sensa ɗinsa suna aiki da bulon EV3, abin da ya sauƙaƙa wa makarantun da suka riga suka tara tsofaffin kaya.

Robot Inventor

Zubi na ƙarshe, mai lamba 51515, ya fito a 2020 da gutsattsari 949, a kan kimanin dala 360. Bulonsa ya fi na EV3 ƙanƙanta, yana da kafofi shida da kowacce ke karɓar inji ko sensa, da jairo a cikinsa, da fitilu 25 a jere biyar-biyar a maimakon allo. Ana rubuta masa umarni da harshen hotuna da aka gina bisa Scratch, ko kuma da Python. Kusan bulo ɗaya ne da na SPIKE Prime, akwatin da sashen ilimi na Lego ya fitar wa makarantu a farkon shekarar. Wayoyinsa sun bambanta da na NXT da EV3, saboda haka tsofaffin injuna da sensa ba sa shiga.

Yadda ake gini

Mafi yawan masu farawa suna gina ƙaramar mota ce mai taya biyu, kowace da injinta, da wata ƙwallo ko taya mai sakakken wuya a baya domin daidaito. Motar ba ta da sitiyari. Idan injunan biyu suka yi gudu ɗaya, ta miƙe. Idan na hagu ya fi sauri, ta karkata dama. Idan ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, ta juya a inda take.

Nisan tafiya ana lissafa shi ne daga girman taya. Tayar da aka fi amfani da ita a akwatunan NXT da na EV3 na makarantu faɗinta santimita 5.6 ne, don haka kewayenta kusan santimita 17.6. Mai son motar ta yi tafiyar santimita 88 zai umarci injunan su yi juyi biyar, wato digiri 1800. A nan ne ɗalibai da yawa ke fara ganin amfanin lissafin kewayen da'ira.

Giya tana musanya gudu da ƙarfi. Idan giya mai haƙori 8 tana tura mai haƙori 40, sai inji ya juya sau biyar kafin babbar ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu ninki biyar, ƙarfin ɗaga kaya ya ƙaru kusan ninki biyar. Idan aka juya tsarin, a samu gudu a rasa ƙarfi. Hannun ɗaukar kaya yana buƙatar tsari na farko, motar tsere kuma na biyu.

Matsalolin da aka fi fuskanta daga jikin ginin suke fitowa. Firam mai laushi yakan sa giya ta tsallake haƙora. Nauyin da ya taru a sama yakan kifar da mota a kwana. Ƙura a jikin taya tana sa santsi, sai ma'aunin juyi ya nuna an yi tafiyar da ba a yi ba. Batir mai rauni yana canza gudu, shi ya sa umarnin da aka ɗora a kan lokaci, kamar a yi tafiyar daƙiƙa uku, ba ya bayar da sakamako iri ɗaya kullum, kuma gogaggun magina sun fi son auna tafiya da digiri.

Yadda ake rubuta umarni

Ko da hotuna aka rubuta ko da haruffa, manhajar mutum-mutumi tana tsayawa ne a kan ginshiƙai kaɗan: jeranta ayyuka ɗaya bayan ɗaya, maimaita wani sashe, zaɓi tsakanin hanya biyu bisa sharaɗi, jiran wani abu ya faru, da ajiye lamba domin amfani da ita daga baya. Mota mai kauce wa bango, alal misali, tana maimaita abu ɗaya ne ba tsayawa: ta duba nisa, idan ya gaza santimita 20 ta ja baya ta juya, in ba haka ba ta ci gaba.

Darasin da ya fi shahara shi ne bin baƙin layi a kan farin daɓe. Da sensa guda ɗaya, mutum-mutumin yana bin gefen layin ne, inda fari da baƙi suka haɗu. Ana fara auna hasken wurin. A ce fari ya nuna 60, baƙi ya nuna 10, to tsakiyarsu 35. Hanya mafi sauƙi ita ce idan awon ya haura 35 motar ta karkata wajen layi, idan ya gaza ta karkata wajen fari. Wannan yana aiki, amma motar tana tafiya tana lilo, kuma ba ta iya sauri.

Hanya ta biyu tana daidaita girman gyara da girman kuskure. Ana cire 35 daga awon da aka samu, a ninka sakamakon da wata lamba, a ƙara shi ga inji ɗaya a rage wa ɗayan. Idan motar tana bin gefen hagu na layin da gudu 40, sensa ya nuna 45, to kuskuren 10 ne, alamar ta zame hagu cikin fari. Idan lambar ninkawa 2 ce, injin hagu zai koma 60, na dama 20, motar ta dawo dama. Lambar ninkawa idan ta yi yawa motar ta riƙa karkarwa, idan ta yi kaɗan ta kasa shan kwana, kuma da gwaji ake gano wadda ta dace. Wannan dabara ita ce matakin farko na tsarin sarrafawa da injiniyoyi ke kira PID, wanda ake amfani da shi a masana'antu da jirage marasa matuƙi.

Hasken ɗaki yana canza awon sensa, saboda haka manhajar da ta yi aiki a gida tana iya kasawa a zauren gasa idan ba a sake awo ba. Jairo ma yana da halin zamewa sannu a hankali ko da mutum-mutumin yana tsaye, musamman idan an motsa shi lokacin da ake kunna bulon.

Manya masu sha'awa da buɗe ƙofa

Makonni kaɗan bayan fitowar RCX, wani ɗalibin digiri na gaba a jami'ar Stanford, Kekoa Proudfoot, ya binciko yadda bulon ke aiki a ciki ya wallafa bayanin a intanet. Nan da nan wasu suka ɗora a kai. Dave Baum ya rubuta NQC, harshe mai kama da C. Markus Noga, daga Jamus, ya rubuta sabon tsarin aiki mai suna legOS wanda ke maye gurbin na kamfanin gaba ɗaya. Ralph Hempel ya kawo harshen Forth, wasu kuma suka kawo Java da sunan leJOS.

Wannan ya sa Lego a tsaka mai wuya: ko ya kai masu yin haka kotu domin kare fasaharsa, ko ya ƙyale su. Kamfanin ya zaɓi ƙyale su, har ya sa izinin yin gyare-gyare a cikin lasisin manhajar. Inda ya tsaya kai da fata shi ne batun suna, abin da ya sa aka sauya legOS zuwa brickOS. Lokacin da ake tsara NXT, kamfanin ya gayyaci wasu fitattun masu sha'awa huɗu, cikinsu har da Hempel da Steve Hassenplug, su ba da shawara a asirce, daga baya kuma ya saki tushen manhajar bulon ga kowa. Ana yawan kawo wannan labari a darussan kasuwanci a matsayin misalin kamfanin da ya amfana da ƙirƙirar abokan cinikinsa.

Al'adar ta ci gaba a zubin baya. NXT ya samu NXC da RobotC. EV3 ya samu ev3dev, wani nau'in Debian Linux da ake sa wa a katin microSD, wanda ke ba da damar rubuta umarni da harsuna da dama ba tare da an taɓa manhajar asali ba. A 2019 Lego da kansa ya fitar da MicroPython domin EV3.

Gasanni

FIRST LEGO League ta fara ne a 1998 daga haɗin gwiwar Kjeld Kirk Kristiansen da Dean Kamen, Ba'amurke mai ƙirƙira wanda ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989. Kowace shekara ana ba da jigo guda: shara a 2015, ruwa a 2017, sararin samaniya a 2018, gina birane a 2019. Ƙungiyar yara da ba su wuce goma ba tana gina mutum-mutumin da zai aiwatar da ayyuka a kan wani tebur cikin minti biyu da rabi, ba tare da rimot ba. Ban da wasan tebur, alƙalai suna duba ƙirar mutum-mutumin, da binciken da yaran suka yi a kan jigon, da yadda suke aiki tare. A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke shirya wannan gasa.

World Robot Olympiad ta fara a Singafo a 2004, kuma ta shafe shekaru tana wajabta amfani da bulon Lego a babban rukuninta. A RoboCup Junior ma ƙungiyoyi da yawa sun yi amfani da Mindstorms a wasan ƙwallon ƙafa da na ceto, ko da yake gasar ba ta taƙaita ga kayan kamfani ɗaya ba.

Fitattun ƙere-ƙere

A watan Maris na 2014, a birnin Birmingham na Ingila, wata na'ura mai suna CubeStormer 3 da David Gilday da Mike Dobson suka gina ta warware akwatin wasan Rubik cikin daƙiƙa 3.253, ta kafa tarihi a kundin Guinness. An gina ta da kayan Lego da bulon EV3, wayar Samsung Galaxy S4 kuma ita ce ke duba launuka tana lissafa matakai. A wannan shekarar wani ɗalibi a jihar Kalifoniya, Shubham Banerjee, ya gina na'urar buga rubutun makafi da akwatin EV3, ya sa mata suna Braigo, domin nuna cewa ana iya yin irinta da kuɗi kaɗan. A 2008 jami'ar Carnegie Mellon ta sa Mindstorms cikin jerin fitattun mutum-mutumi da take karramawa.

Suka

Babban ƙorafin da aka yi a kan Mindstorms shi ne tsada. Makarantar da ke son kowane ɗalibi biyu ko uku su samu akwati ɗaya tana buƙatar akwatuna goma ko fiye a aji, ga kwamfutoci, ga caji, ga kuɗin shigo da kaya a ƙasashen da ba a sayar da su kai tsaye. Wannan ya sa kayan suka fi yawa a makarantu masu hali da kulob-kulob masu samun tallafi. Ƙananan gutsattsari suna ɓata, kuma turaku ko giya guda da ta ɓace tana iya tsayar da gini.

Wasu malamai sun lura cewa idan darasi ya tsaya a kan bin littafin umarni shafi-shafi, yaro yana iya gama gini bai fahimci dalilin komai ba, wanda ya saɓa wa manufar Papert. Wasu kuma sun ce sauƙin jona waya yana ɓoye ainihin ilimin lantarki, tunda ɗalibi ba ya ganin abin da ke faruwa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa. An kuma soki siffofin wasu samfuran kasuwa, masu harbi da kamannin mayaƙa, da cewa sun fi karkata ga yara maza.

Dakatarwa

A watan Oktoba na 2022 Lego ya sanar da cewa zai daina ƙera Mindstorms a ƙarshen shekarar, ya mayar da hankali ga kayan sashen ilimi irin su SPIKE Prime. Ya yi alkawarin barin manhajar Robot Inventor tana aiki aƙalla zuwa ƙarshen 2024. Kafin nan an riga an janye EV3 daga kasuwa a 2021.

Dakatarwar ta fito da wata matsala da ta shafi duk wani kayan wasa mai dogaro da manhaja. Bulon roba na 1958 yana shiga na yau, amma bulon lantarki yana buƙatar manhajar da za ta yi aiki a kwamfutar zamani. Manhajar RCX ta asali ba ta aiki kai tsaye a sababbin nau'o'in Windows, kuma tsofaffin manhajojin NXT da EV3 sun daina aiki a kwamfutocin Apple tun daga sauyin tsarin macOS na 2019. Makarantun da suka kashe kuɗi a kan akwatunan sun dogara ne da tsofaffin kwamfutoci, ko da ayyukan sa-kai irin su leJOS da ev3dev da Pybricks, waɗanda ke ba da damar ci gaba da amfani da bulon ba tare da manhajar kamfanin ba.

Makamantansa

Akwai wasu kayan da ke aiki irin na Mindstorms. VEX na Amurka yana da rukunin ƙarfe da na roba, da gasanninsa. Fischertechnik na Jamus ya shahara wajen kwaikwayon injunan masana'antu. Makeblock na birnin Shenzhen a Sin yana yin mBot. Masu son kashe kuɗi kaɗan sukan haɗa nasu da allon Arduino, wanda ya fito daga Italiya a 2005, ko Raspberry Pi na 2012, ko micro:bit na BBC. A 2021 aka fitar da wani allo mai suna Build HAT da ke haɗa Raspberry Pi da injunan SPIKE Prime da Robot Inventor. Harshen Scratch, wanda rukunin Mitchel Resnick ya fitar a 2007 kuma yara ke amfani da shi a faɗin duniya, daga ɗakin binciken da ya haifi bulon farko ya fito.